Abin da kyamarar Muntaka ta gani a gonar rogo

Kun taɓa ganin mai hoton da zai ɗau hoto yana zaune a ɗaki kan buzu da carbi a hannu, ita kuma kyamarar tana can bayan katanga ita kaɗai cikin duhu? To akwai shi, Muntaka sunansa, Muntaka Mai Hoto, mutumin Tsamiyar Kulu ne, wani ɗan ƙauye tsakanin Bagwai da Shanono inda gida da gona suke manne da juna, kana fita ta ƙofar baya ƙafarka a kan kunya za ta sauka.

Dogo ne siriri, ba shi da faɗa ba shi da surutu, in ana musu a majalisa shi dai nasa murmushi. Babansa Malam Khalilu shi ne a da mai lissafin taurari na garin, shi ake tambaya tauraro kaza ya shiga ko bai shiga ba kafin a yi shuka, tun Muntaka yana ƙarami yake ɗora shi a kafaɗa da asuba yana nuna mai Kaza da 'Ya'yanta yana nuna mai Gamzaki. Tsohon ya rasu lissafin ya bi shi, don Muntaka bai riƙe ba, kallon kawai ya gada.

Sana'arsa hoto. Keke gare shi da jan ƙyalle na bango da wata baƙar kyamara ta hannu da ya sayo a Kano, suna ne, biki ne, saukar karatu ne, fasfon 'yan makaranta ne, duk shi ne, har Shanono ana kiransa. Sai waya mai kyamara ta cika gari kowa ya zama mai hoto, yarinya 'yar shekara goma ma ta ɗauke ka ta sa maka fure a ka, shi ke nan kasuwa ta mutu, sai fasfo jefi-jefi in ana wata rajista. Ya koma gona sosai, ɗan gero da gyaɗa a bayan gida, da wani ɗan shingen rogo can ƙarshen gonar daf da burtali, hanyar shanun nan da ta yi arewa.

Yadda aka yi ya faɗa harkar taurari kuwa, wata rana ya je Dawakin Tofa ɗaukar fasfon ɗalibai, sai wani malamin kimiyya Malam Abdussalam ya karɓi kyamarar yana jujjuyawa, ya murɗa wani abu ya kai kan wani harafi.

"Mai hoto, ka san aikin wannan?"

Muntaka ya ce shi tun da ya saye ta bai taɓa kaiwa nan ba, tsoro yake kar ya ɓata ta.

"In ka kai nan idonta ba ya ƙiftawa. Muddin ka danne a buɗe yake, duk ɗan hasken da ya gifta sai ta tara shi. Ka kallar da ita sama da dare ka gani. Amma fa kar ta motsa, ko tari ka yi kusa da ita hoton ya tashi daga aiki."

Shi ke nan malamin nan ya jefa shi cikin harkar. Muntaka ya je wajen mai walda aka haɗa mai ƙarfe mai ƙafafu uku, ya ɗora kyamara ya danne da yatsa ya daina numfashi, ya saki ya duba, taurarin duk sun fito a karkace. Matarsa Barira ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce "Baban Larai wannan taurari ne ko tsutsar wake?" Wata guda yana fama, ashe yatsan ne, komai natsuwarka sai jini ya girgiza ta. Sai ya yanke wayar wani tsohon iyafis na jin waƙa a kunne ya kai wa mai gyaran rediyo a Bagwai, aka jona mata makunnin fitilar babur, a soka ɗaya bakin a jikin kyamara, ka ja baya ka kunna, idonta ya buɗe, ka kashe ya rufe, hannunka bai taɓa ta ba. Ranar da hoton farko ya fito tas wallahi mutumin nan bai ci tuwo ba, zama yai yana kallon ɗan gilashin, taurarin da ido bai taɓa gani ba ga su nan birjik kamar an watsa gero a baƙar tabarma.

Ba shi da agogo mai aiki, sai ya gano carbi ya fi. Ƙulhuwallahu sau uku, taurari su fito ɗigo-ɗigo. Istigfari dubu kuwa sai su zama zare, su yi zobe-zobe su kewaye wani tauraro guda da ke arewa wanda shi ba ya gusawa. Wannan zoben shi ne abin da ya fi so a duniya, shi ya sa kullum kyamararsa arewa take kallo, ta kan gonarsa.

Maƙwabcinsa katanga ɗaya shi ne Malam Sabo ladanin masallaci, ya girme shi da kusan shekara goma, mutum mai tsabta mai ji da mutuncinsa, rigarsa ɗaya ce amma kullum a goge. Shi ne babban mai tsokanarsa.

"Mai gadin sama, jiya an ƙirga su? Ba wanda ya ɓata?"

"Ɗaya ya ɓata Malam Ladan, ina jin kiran sallarka ne ya firgita shi."

"Allah ya shirye ka. Mutane na neman abin tuwo kai kana ɗaukar hoton abin da ko a miya ba a sa shi."

Amma da aka canja wayar lasifikar masallaci shi Sabon ne ya nannaɗe tsohuwar, doguwa ce sosai, ya miƙo mai ta kan katanga ya ce ungo kafin yara su yi tarkon kurciya da ita.

To sai shekarun nan suka zo. Man fetur ya tashi, taki ya gagara, kwanon masara ya fi ƙarfin talaka, ga kuma mutanen daji sun fara leƙo ƙauyukan yamma da arewa, yau a ce an kora shanu can gobe a ce an ɗauke wani can. Garin ya kafa 'yan sintiri, shugabansu Nababa, wani ƙaƙƙarfa, ba mugu ba ne fa, mutum ne dai da ya daina barci. Suka sa doka, daga sallar isha ba fita, ba haska tocila a waje, duk wanda aka gani da haske a bayan gari to infoma ne, ma'ana shi ke nuna wa ɓarayi hanya. Kuma kowa ya san abin da ake wa infoma, a wani ƙauye can gaba an yi wa wani, kafin jami'ai su iso ba abin ɗauka sai gawa.

Da wani ne da ya ajiye kyamara. Muntaka ya gwada a tsakar gida, darbejiyar gidan ta rufe sama ruf. Sai ya tuno wayar Ladan. Ya jona ta da ta makunnin, ya bi da ita ta rariyar da ruwa ke fita, ya binne ta sama-sama cikin kunya har tsakiyar gyaɗa inda gero ba zai tare ba. Kafin magariba ya fita kamar mai duba shuka ya kafa kyamara, ya liƙe 'yar jar fitilarta da baƙin salatif, ya yi mata rumfa da gutsuren kwano saboda ruwa, ya dawo. Da dare in hadari ya wuce sama ta wanke, don ba lokacin da taurari ke kyau kamar bayan ruwan damina, sai ya zauna kan buzu ya kunna makunni ya fara jan carbi, ya kai dubu ya kashe, ya kwanta. Ba zai ga komai ba sai da safe.

Barira ta ce "Baban Larai ka bari. Mutanen nan idonsu ya rufe."

Ya ce "Ni ina ɗaki ita tana waje, wace dokar na taka? Ba a ce kyamara kar ta fita ba."

Ba wanda ya sani sai su biyu, ko Ladan bai san tana kwana a waje ba.

Tsakiyar damina yunwa ta kai inda ta kai, gero ya yi ciki bai nuna ba, rumbu ba komai, gidaje da yawa tafasa da rama ake dafawa a kwanta. Wata safiya Muntaka ya je ya duba hoton jiya, zoben ya fito kyakkyawa wanda bai taɓa samun irinsa ba, amma a ƙasa akwai wani abu. Gidan Sabo ya ɗan shigo gaba, don haka ƙofar bayansa da dabinonsa, dabino ɗaya tal a garin, kullum suna fitowa a gefen hoton. To wani siririn layin haske ne fari ya taso daga gindin dabinon, ƙasa-ƙasa, ya bi kunya ya bi kunya har shingen rogo, a nan ya dunƙule kamar zaren da ya harɗe, sannan ya dawo inda ya fito. A irin wannan hoton mai tafiya ba ya fitowa, haskensa kawai ake gani.

Ya taka har rogon. An haƙe gindi biyu, an cire saiwar, an mai da itacen an dasa an dannanne ƙasa da hannu yadda zai sake kamawa. Ɓarawo ba ya haka. Baki goma sha ɗaya ne a gidan Ladan har da marayun ƙaninsa, kuma kwana biyu ke nan Muntaka bai ga hayaƙi ya tashi ta kan katangar ba. Ko an aika musu da kwano Sabo cewa yake a mayar sun ci. Mutumin da zai mutu bai roƙa ba ke nan.

Muntaka bai ce komai ba, ko ga Barira. Abin da yai kawai ya janye ƙayar wata kusurwa ta shingen don kar ta soki mai shiga cikin duhu. Layin ya sake fitowa bayan kwana biyu, ya sake bayan kwana uku. Ya san ya kamata ya goge hotunan daga memorin kyamarar, ɗan katin da take tara su a ciki, yatsansa har ya je kan gogewa ya dawo, don dararen nan ne zoben ya fi kyau, ya ce bari dai sai ya samu ya wanke su a Bagwai a yanke ƙasan. Wannan son hoton shi ne kuskurensa.

Daren da layin zai fito karo na huɗu ya ja carbinsa ya kashe makunni ya kwanta, can sai harbi. Ba ɗaya ba ba biyu ba. Yara suka farka Barira ta danne bakin ƙaramin, aka kwana zaune. Ashe mutanen dajin ne ta burtali suka shigo, suka kora shanun huɗa guda huɗu, suka harbi Uwaisu ƙanin Nababa wanda ke gadin wannan ɓangaren, ko shurawa bai yi ba.

Gari bai gama wayewa ba Muntaka ya sulale ta baya don ya ɗauke kyamarar. Ya kunna ya duba, ga layin nan, daga dabino har bakin burtali, a daren da aka kashe mutum. Bai gama kallo ba ya ji takun mutane da ƙarar gora a cikin gero, 'yan sintiri ne suna bin sawu. Ba lokacin gogewa. Ya zare memorin ya sake shi ƙasa ya taka da diddige ya nutse cikin laka.

Nababa ne a gaba, idonsa jajir, rigarsa duk jinin ƙaninsa.

"Mai hoto. Me kake a nan?"

Wani ya ci tuntuɓe da wayar, ya ja, ta dinga tasowa daga ƙasa tana tasowa, suka bi ta har rariyar gidan Muntaka. Daga nan ba wanda ya ƙara tambayarsa komai, gora kawai, wani ya same shi a gwiwar hagu ya durƙushe, Allah ya sa Mai Unguwa ya iso ya sa aka kulle shi a zaurensa har a dawo daga jana'iza.

Da hantsi aka fito da shi ƙofar gidan Mai Unguwa, garin kaf yana nan, mutane ƙafarsu da jar ƙasar maƙabarta. An ajiye kyamara a tsakiya da ƙarfenta da tulin waya. Liman na zaune, Ladan na gefensa.

Mai Unguwa dattijo ne, tare suka taso da Malam Khalilu. Ya ce "Muntaka, mene ne wannan?"

"Kyamara ce ranka ya daɗe. Taurari nake ɗauka."

Wani yai wata dariya mara daɗi. Nababa ya ce "Taurari. A kan burtali taurarin suke? Me ya hana ta kalli gabas, me ya hana ta kalli kudu, sai hanyar da suka biyo?"

Muntaka ya fara bayanin tauraron da ba ya gusawa, da yadda sauran ke kewaya shi, da istigfari dubu, yana yi yana jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci. Wani daga baya ya ce "Har da carbi ake yi ashe, Allah ya isa." Barira ta kutso cikin maza ba ko takalmi, da hotuna biyu da ya taɓa wankewa, ta zube gaban Mai Unguwa ta ce Baba ku duba, wallahi wannan ne kawai abin da yake yi. Hotunan suka bi hannu-hannu. Wani ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya ce shi bai taɓa ganin tauraro mai zobe ba, wannan taswira ce. Wani ya ce irin abin saitin bindiga ne. Wani tsoho ya ce a hankali to ubansa dai taurari ya sani, ba wanda ya kula shi.

Mai Unguwa ya ce abu mai sauƙi ne, a kunna a ga abin da ta ɗauka jiya. Wani ɗan sintiri ya kunna ya latsa ya latsa ya ce ba memori a ciki.

Mai Unguwa ya juyo kansa.

"Ina memorin, Muntaka?"

Ya san inda yake, taku ashirin daga bakin gyaɗa, in ya faɗa yanzu za a tono shi a goge laka a sa a waya. Za su ga taurarin, eh, za su yarda shi ba infoma ba ne. Kuma za su ga haske ya fito daga gindin dabino ya tafi burtali har dare huɗu. Ba wanda zai tsaya jin zancen rogo, ba yau ba, ba da jinin Uwaisu a rigar yayansa ba. Ladan ba zai kai azahar ba.

Ya ɗaga kai sau ɗaya ya dubi Sabo. Shi kuma Sabo tun da aka faɗi inda aka samu kyamarar da inda take kallo fuskarsa ta canja, ya gane.

Mai Unguwa ya juya ya ce "Ladan, kai ne maƙwabcinsa, an ce wayar nan ma ta masallaci ce. Me ka sani?"

Sabo ya ce "Ni na ba shi, tsohuwa ce. Na dai san yana son kallon sama." Ya sunkuyar da kai.

Mai Unguwa ya ce "Muntaka, karo na ƙarshe, don darajar mahaifinka. Ina memorin?"

"Ya faɗi ranka ya daɗe. Ban san inda yake ba."

Bai iya ƙarya ba, kowa ya ji ƙarya ce. Nababa ya ɗaga gora ya sauke wa kyamarar, sau ɗaya ta tarwatse, gilashin ya fantsama har kan tabarmar Liman, mutane suka yunƙuro. Mai Unguwa ya miƙe da sandarsa ya tsaya a kan Muntaka ya ce duk wanda zai taɓa shi sai ya fara bi ta kansa, gawa ɗaya aka binne yau kuma ta isa. Ya ce hukuncinsa ke nan, kafin magariba Muntaka ya bar Tsamiyar Kulu, kar ya ƙara taka ta, iyalinsa in sun so su zauna. Nababa ya tofar da yawu ya ce in rana ta faɗi ya gan shi to ba ruwan kowa.

A gida yana ɗaure kaya a buhu Barira ta tare ƙofa ta ce ba inda za shi sai ya gaya mata, ita ta san memorin nan ko barci yake ya san inda yake. Ya sa ta dafa Alƙur'ani cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, sannan ya gaya mata duka. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Rogonka ya haƙa, yanzu ka haɗa mai da gidan da gonar da sunan ubanka?"

"Ni korata aka yi Barira. Shi binne shi za a yi. Baki goma sha ɗaya."

"Naka ukun fa? Su a bola ka tsinto su?"

Ya ci gaba da ɗaurin buhun, igiyar tana kuɓucewa yana sakewa.

"Yana zaune yana kallo ana neman ranka. Ko tari bai yi ba."

"Tsoro ne. Da ni ne ban san me zan yi ba."

"Kai dai ka san me kai," ta ce, ta juya mai baya, tana kuka tana zuba mai ɗan garin da ya rage a leda.

Da la'asar ya fita yana jan ƙafa, keken ma ya bar musu. Ba wanda ya raka shi, duk ƙofar da ya wuce sai a saki labule, mutanen da ya ɗauki hoton aurensu da na 'ya'yansu. Daidai zai wuce masallaci Ladan ya fara kiran salla, ya kai tsakiya muryar ta karye, ya tsaya, ya sake farawa. Muntaka bai waiga ba.

Barira ta daure sati uku. Ba mai sayen ƙulinta, a rijiya mata su janye bokitinsu, yara suna bin Larai suna 'yar infoma 'yar infoma har ta daina zuwa islamiyya. Sai ta kwashe yaran ta koma gidan iyayenta a Bagwai, yayanta ne ya zo ya girbe geron, gyaɗar kuwa ciyawa ta cinye. Sau biyu Muntaka ya yo saƙo, na farko wai yana dako a kasuwar Dawanau da wannan gwiwar tasa, na biyu wai ya sai da wayarsa kar su damu in sun kira ba su samu ba. Daga baya wani direba ya ce ya gan shi ya hau bayan tirelar albasa mai zuwa kudu. Daga nan shiru.

Kuma mutanen dajin sun dawo bayan tafiyarsa, har sau biyu, ta burtalin nan dai. Kowa ya lura, ba wanda ya ce komai.

Shi kuwa Sabo aka yi kaka hatsi ya shigo kowa ya ɗan murmure ban da shi, sai ramewa yake, rigar nan tana yawo a jikinsa, ya daina zama majalisa ya daina tsokanar kowa. Sai wata asuba bayan an sallame, mutane za su miƙe, ya ce jama'a a dakata. Ya tsaya ya dafa bango.

"Muntaka ba infoma ba ne. Daren da aka kashe Uwaisu ni ne a waje da fitilar waya, rogonsa na je haƙa, kuma ba ranar na fara ba. Yara ne ba su ci ba. Kyamararsa ta ɗauke ni, shi ya sa ya ɓoye memorin. Ina zaune aka tambaye ni nai shiru. Ga ni, ku yi abin da za ku yi."

Can Nababa daga sahun baya ya ce "To me ya hana shi faɗa?"

Sabo ya ce "Da ya faɗa ranar, me za ka yi min Nababa?"

Nababa ya tashi ya ɗau takalminsa ya fita, har yau ba wanda ya ji ya ƙara tada zancen, haƙuri bai bayar ba, musu ma bai yi ba. Mai Unguwa ya aika Bagwai, Barira ta ce tun da mai abin ya faɗa da bakinsa to rantsuwarta ta sauka, ta ba da labarin tun daga rariya har diddige. Aka je gonar gyaɗa da fartanya aka tona aka tona ba a ga memorin ba, ruwan damina guda ya bi ta kai. Sabo ya ajiye ladanci da kansa, ba wanda ya kore shi, yanzu ko fita ba ya yi sosai.

Mai Unguwa ya tara mutane ya ce ya janye maganarsa, Muntaka ya dawo gidansa. To amma wa zai gaya mai? An je Dawanau an tambayi 'yan dako, wasu sun tuna shi ba su san inda yai ba. An bi direbobin albasa, kowa da garin da yake faɗa. Shi yana can wani wuri yana ɓoye sunan garinsu, yana zaton har yanzu in ya buɗe baki za a kashe mutum. Barira ta ce ita ba za ta koma gidan nan ba sai shi ya zo ya ɗauke ta da kansa, ɗakin ma damina ta fara cin bayansa.

Don Allah duk wanda wannan ya iso wa kar ya tsaya a wayarsa, ku tura gaba, musamman guruf ɗin direbobi da 'yan dako da masu kai kaya kudu. Zai kai shekara arba'in da biyar, yana ɗingisa ƙafar hagu, ba lalle ya yarda shi ne ba in kun tambaye shi kai tsaye. Ku dai ce mai Ladan ya yi magana kuma yana raye ba wanda ya taɓa shi, ya taho gida.